Kuɗin Ziyara da Kuɗin Amana: Jawabin Matan Katolika a Bikin Cika Shekara 10 na Ƙungiyarmu

Uwar taro, Mama Shugaba, Hajiya Ma'aji, Sakatariya, iyayenmu mata, mazajenmu da suka bar aikinsu suka zo, da 'ya'yanmu da ke can baya suna jiran a buɗe kular shinkafa, muna gaishe ku duka. Allah ne ya kai mu shekara 10, shi ne abin godiya.

Da kwamitin biki ya ce kowane rukuni ya fito da mace ɗaya ta yi magana, mu matan Katolika na layin kayan gwari muka zauna muka yi ta tura wa juna. A ƙarshe aka ce wadda take zuwa ajin yaƙi da jahilci ita za ta rubuta, ita kuma za ta karanta. To ga ta nan a gabanku. Shekara 3 da suka wuce dangwala yatsa take yi a takardar bashi. Yau ga takarda a hannunta, rubutun hannunta ne, ɗanta ya gyara mata wasu wurare kawai. In kun ji ta yi tuntuɓe a wata kalma ku yi haƙuri, an ce gemu ba ya hana ilimi, to furfura ma haka. Amma maganar ba tata ba ce ita kaɗai, tamu ce mu duka.

An ce mu ba da labarin zaman cocinmu, da ziyarar ibada da muka yi, da aikin da yaranmu suke yi. Za mu bayar. Sai dai a tsakiyar labarin akwai wani abu da muka yi wa wannan ƙungiya wanda bai kamata ba. Wasu sun san shi, wasu sun ji rabinsa a bakin famfo. Yau za ku ji shi duka daga bakinmu.

Bari mu fara da coci, saboda 'yan'uwanmu Musulmi da na sauran ikilisiyoyi da kullum suke tambayarmu, wai me kuke yi a can haka da ba kwa gajiya? Kuna ganin muna rufe rumfa da wuri, ko mu bar wa maƙwabciya tebur mu ce yanzu za mu dawo.

Ran Lahadi akwai Mas, na Hausa da na Turanci. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a gani daga waje shi ne sauran kwana 6. Ran Asabar unguwa-unguwa ake raba sharar coci da goge benci. Yara suna zuwa koyon katikisma a wurin katikis, wanda shi ne hannun daman Fada, shi ya san gidan kowa, shi ake fara bugawa waya in wani ya kwanta ciwo. Mu mata muna da Zumunta, da zanenmu iri ɗaya, da tulu da caki da muke kaɗawa in muna waƙa. A watan Mayu da watan Oktoba muna addu'ar Rosari gida-gida, yau a tsakar gidan wannan, gobe a na waccan. A nan ne za ki gane gidan da kwana biyu ba a ɗora tukunya ba, ko da matar gidan ba ta faɗa ba. In azumi ya zo, daga Larabar Toka har zuwa Ista, kowace Jumma'a akwai Hanyar Gicciye, tasha 14, ana durƙusawa ana tashi. A watan Nuwamba, ranar Kristi Sarki, muna fita zagaye a kan titi, an ajiye shi sai lokacin ne saboda damina ta wuce. Sai godiyar girbi, inda mai doya ta kawo doya, mai akuya ya kawo akuya, mu kuma mu kai kwandon tumatir da kabeji, a yi gwanjo a tara kuɗin aikin coci.

In an yi haihuwa muna can. In an yi rasuwa mu ne a bakin murhu har gari ya waye. Ba wani abu ba ne da ku ba ku sani ba, ai haka kuke yi a suna da zaman makoki. An ce zumunta a ƙafa take. Ikilisiya ma a ƙafa take, wadda ba ta taka ba ba za ta san halin da 'yar'uwarta ke ciki ba.

Akwai wani abu da Fada ya gaya mana da ya ji muna cikin ƙungiyar adashi da bashi, ya ce ai ba baƙon abu ba ne a coci. A shekarar 1955, a wani gari da ake kira Jirapa a arewacin Ghana, wani Fada mai suna John McNulty ya tara manoma da ma'aikata suka kafa ƙungiyar ajiya da ba da rance, ita ce ake lissafawa ta farko irinta a Afirka. Bayan wasu shekaru aka yi irin haka a Kamaru. Dalilinsu shi ne dalilinmu: talaka yana da ɗan abin ajiyewa, wurin ajiyewa ne babu, in kuma ya matsu sai ya faɗa hannun mai ba da bashi da ruwa. Mu nan Jos mun san darajar wurin ajiya. Waɗanda suka kai shekarunmu sun tuna gobarar babbar kasuwar Taminus a watan Fabrairun 2002. Iyayenmu da yawa jarinsu kaf yana cikin shago, a kaya da kuma a gwangwani. Gari ya waye babu ko ɗaya. Wasunsu har suka koma ga Allah ba su sake tsayawa da ƙafafunsu ba. Wannan tunanin yana cikin abin da ya sa muka riƙe ƙungiyar nan da hannu biyu.

Yanzu sai maganar yaranmu. Matasan cocinmu suna da ƙungiyarsu, CYON, wasu daga cikinsu kuma suna aiki da ƙungiyar Waliyyi Vincent de Paul, wadda aikinta kula da matalauta. Mu da muna zaton ƙungiyar tsofaffi ce, don dattawa muka saba gani riƙe da akwati a bakin ƙofar coci. Ashe yara ne suka kafa ta. A shekarar 1833, a birnin Paris na ƙasar Faransa, wani ɗalibin jami'a mai suna Frederic Ozanam, shekararsa 20, 'yan'uwansa ɗalibai suka gore masa, suka ce cocinku sai labarin abin da ya yi a da, yau me kuke yi wa talaka? Maganar ta dame shi. Shi da abokansa suka ɗauki itacen da suka ajiye na jin ɗumi suka kai wa wani matalauci. Wata Sista mai suna Rosalie Rendu, da ta daɗe a unguwar talakawa, ita ta nuna masu gidajen da za su shiga da yadda za su shiga. Daga nan abin ya bazu duniya, har ya iso unguwarmu. Shi Ozanam ɗin, Paparoma John Paul na 2 ya ɗaga shi zuwa matsayin Mai Albarka a 1997, a taron matasan Katolika na duniya da aka yi a Paris.

Suna da ƙa'idodin da suka burge mu. Ba sa zuwa gidan mabukaci mutum ɗaya, sai biyu-biyu. Ba sa jira ya zo ya tsaya a layi, su ne suke zuwa inda yake. In sun zauna taro, jaka ake zagayawa, kowa ya sa hannu a ciki, ba wanda ya san mai yawa da mai kaɗan, ko ma wanda ya sa hannu wofi. Kuma ba sa tambayar addinin mutum kafin su taimake shi. Sannan, ku riƙe wannan don za mu dawo kansa, duk abin da ya shiga da abin da ya fita sai an rubuta, a karanta a taro na gaba.

Kun san abin da ya faru a ƙauyukan Mangu a 2023, da na Bokkos da Barikin Ladi a daren jajibirin Kirsimeti na wannan shekarar. Ba za mu tsaya a kai ba, don akwai waɗanda ke zaune a nan da suka rasa nasu. Mu 'yan gwari abin ya taɓa mu ta ko'ina, don daga can dankalin Turawa da masara suke zuwa mana, manoman nan abokan cinikinmu ne shekara da shekaru. Mutane da yawa suka gudo gari, suka raɓa a gidajen dangi, ɗaki ɗaya mutum 8, mutum 10. Yaranmu ne suka bi gida-gida suka rubuta su. Ran Asabar da yamma sai su zo layinmu da buhu, mu zuba masu abin da ya kwana, tumatir da ya fara laushi, karas da ya karye, kabejin da aka ɓare bayansa. Su wanke, su raba, su kai. Wasu sun je asibiti sun ba da jini. Wasu suna zuwa gidan yari da sabulu da gari. Akwai wata tsohuwa da ba ta da kowa, 'yan mata biyu suke zuwa su yi mata wanka da wanki, samari kuma suka gyara mata kwanon ɗaki kafin ruwa ya sauka. Yaran nan da muke cewa ba su san komai ba sai latsa waya, da wayar suka riƙa kiran juna in an samu matsala da dare. Gaskiya sun ba mu kunya, irin kunyar da uwa take jin daɗinta.

To ana cikin haka sai shekarar 2025 ta shigo. A cocin Katolika, duk shekara 25 akwai Shekarar Jubili, shekara ce ta tuba da yafiya da ziyarar wurare masu tsarki. Paparoma Francis ya buɗe ta a Roma ran 24 ga Disamba 2024, bai kuwa ga ƙarshenta ba, Allah ya yi masa rasuwa ran 21 ga Afrilu 2025, Paparoma Leo na 14 ya gaje shi. Asalin Jubili yana cikin Attaura, inda aka umarci Isra'ilawa a shekara ta 50 su saki bayi, su mayar wa kowa gonar gidansu. Paparoma Francis har ya roƙi ƙasashe masu arziki su yafe wa ƙasashe matalauta bashi. Kada wata ta ji haka ta ce Hajiya Ma'aji ta yafe mata na ƙungiya, ba mu ce ba.

Masu hali suna zuwa Roma, ko Urushalima da Baitalami da Kogin Urdun, su dawo ana kiransu JP. Wasu suna zuwa Lourdes a Faransa ko Fatima a Portugal. Mu masu sayar da tumatir gwangwani-gwangwani mun san tsawon hannunmu. Sai muka ce mu je Shendam. Ga mu 'yan Filato, amma da yawanmu ba mu taɓa sanin cewa daga can cocinmu ya fara a wannan yanki ba. Ran 12 ga Fabrairu 1907 Fada uku na ƙungiyar SMA suka isa Shendam, ƙasar Goemai, babbansu Fada Oswald Waller. Daga wannan ƙaramin masomi aka samu abin da muke gani yau. Shekara 100 cif bayan zuwansu, a 2007, Shendam ta zama dayosis mai Bishof nata. Muka buɗe adashin ziyara a tsakaninmu, daban da zubin ƙungiya, kowace mace tana ajiye abin da ya sawwaƙa duk mako, don kuɗin mota da guzuri da baikon da za mu kai.

Yanzu mun zo wurin mai nauyi. Ku ba mu kunnuwanku.

Kun san a layinmu mu uku ne muke karɓar zubin mako, mu haɗa, mu kai wa Hajiya Ma'aji ran Litinin. Wani daren Asabar a cikin azumi, yaranmu biyu suka buga mana ƙofa. Wata mata daga cikin waɗanda suka gudo tana naƙuda tun safe, an kai ta asibiti, an ce sai an yi mata aiki, kuma sai an ajiye wani abu kafin a shiga da ita. Mijinta ya rasu. Akwatin matasa babu abin da zai kai ko rabi. Kuɗin ziyararmu yana hannun wata 'yar'uwa da ta yi tafiya biki. Abin da ke kusa shi ne zubinku, a ƙulle a leda a ƙarƙashin katifa. Mu uku muka kalli juna. Muka ce rai ya fi kuɗi, mu ɗauka, in mai riƙe da kuɗin ziyara ta dawo mu mayar. Muka ƙirga naira 85,000 muka ba su.

An yi aikin. Uwa ta tashi, jaririya ma tana nan, yanzu har tana tafiya. Wannan mun gode wa Allah, kuma ko yau aka sake buga mana ƙofa za mu tashi mu nema. Ba a nan laifinmu yake ba.

Laifinmu ya fara ran Litinin. Maimakon mu je mu ce Hajiya ga abin da ya faru, sai muka kai sauran kuɗin, muka ce wasu ba su yi zubi ba tukuna, za su cika. Ƙarya ke nan ta farko. Da mai kuɗin ziyara ta dawo, sai muka ce a bari sai ƙarshen wata, kada lissafin mota ya rikice. Ƙarshen wata ya zo, sai ga maganin mai jego, sai ga kuɗin makarantar wani maraya, muka sake taɓawa sau biyu, kaɗan-kaɗan, muna cewa ai duk aikin Allah ne. Ba mu rubuta ko ɗaya ba. Biyu daga cikinmu ba su iya rubutu ba, ta ukun, wadda ke gabanku, ta iya amma ta ƙi, don abin da aka rubuta yana da ido, yana kallon mutum.

Da aka zo lissafin wata uku, katin kowace mace ya nuna ta biya, littafin Ma'aji ya nuna giɓi. Wa za a kalla? Aka kalli Hajiya. Mako biyu cur matar nan tana shigowa kasuwa ana yin shiru in ta wuce. Wasu suka ce ai ta yi wa 'yarta kayan ɗaki. Mun ji da kunnenmu, muka sunkuyar da kai muna jera tumatir. Abin da ya fi muni, magana ta fara ɗaukar wani launi. Aka fara cewa su da mu. A garin nan da muka ga 2001, muka ga 2008 da 2010, kowa ya san inda irin wannan magana take kaiwa. Ƙungiyar da muka gina shekara da shekaru, Musulma ta riƙe wa Kirista rumfa ran Lahadi, Kirista ta riƙe wa Musulma ran Sallah, ta kusa tsagewa biyu a kan shirunmu mu uku.

Yaran ne suka fara tayar mana da hankali. Sakataren matasa, yaro ne da bai kai 25 ba, ya zo da littafinsu ya ce Mama, kuɗin daren nan mun rubuta shi a matsayin taimako daga matan kasuwa, za mu karanta a taro, sunan wa za mu sa a yi masa godiya? Muka rasa amsa. Shi ya rubuta, mu iyayensa ba mu rubuta ba. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ranar dai yaro ne ya hango, daga ƙasa ma.

Muka je wurin Fada, ba a ɗakin furta zunubi ba, a ofishinsa, mu uku a zaune. Muna tsammanin zai ce tunda rai aka ceta ba komai. Bai ce haka ba. Ya tuna mana da misalin Basamariyen nan da ya tsinci mutum a hanya 'yan fashi sun ji masa rauni. Ya ce ku lura, daga aljihunsa ya fitar da dinari 2 ya ba mai masauki, ya kuma ɗauki alkawarin biyan abin da ya ƙaru. Bai sa hannu a jakar wani ba. Ya ce sadaka da kuɗin da aka ba ku amana, ba da sanin masu shi ba, ba taku ba ce, kuma wadda aka ɓata wa suna saboda ku tana bin ku bashin da ya fi na kuɗi. Ya ce ba zai sa wa motar ziyararmu albarka ba sai mun biya duka biyun.

Washegari da sassafe, kafin motocin kaya su iso, muka je gidan Hajiya. Muka durƙusa muka faɗi komai. Ta daɗe ba ta ce uffan ba. Da ta buɗe baki, abin da ta fara tambaya shi ne, jaririyar tana raye? Muka ce tana raye. Ta ce to me ya hana ku buga mini waya a daren? Kuna ganin da zan ce a bar ta ta mutu? Wannan tambayar har yau ba mu da amsarta. Gaskiyar ita ce mun yi mata zaton da bai dace ba, mun ɗauka tausayin namu ne mu kaɗai.

Muka kwashe kuɗin ziyara muka cike giɓin har kwabo na ƙarshe. Sauran matan Zumunta da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, kuɗinsu ya tafi a ciki, suka yi mana faɗa, suka kuma yafe, mu uku muka riƙa biyansu a hankali. An gaya wa shugabanni, aka rufe maganar a kwamiti. Amma zargin a fili aka yi shi, a tsakiyar kasuwa, wankewar kuwa a ɗaki aka yi. Wannan bai yi daidai ba. Shi ya sa muka roƙi Mama Shugaba a bar mu mu faɗa a nan, a kuma buga a takardar biki don wadda ba ta zo ba ta karanta, ko ɗanta ya karanta mata.

Hajiya, a gaban mijinki da 'ya'yanki da duk wanda ya taɓa jin wata magana a kanki: hannunki tsarkakakke ne, ko sisi bai ɓata a wurinki ba. Mu ne muka ɗauka, mu ne muka yi shiru. Ki yafe mana. Ku ma 'yan ƙungiya, kuɗinku ne, ku yafe mana.

Ziyarar da muka shirya yi bayan Ista ba ta yiwu ba sai Nuwamba, da muka sake tarawa daga farko. Ana saura kwana biyu tafiya Hajiya ta zo layinmu da ƙullin dambun nama da ƙuli-ƙuli. Ita da ta je Makka ta san guzuri. Ta ce a wurinsu maniyyaci ba ya tashi sai ya biya bashin da ke kansa, ya bi mutane ya nemi gafara, don ba a zuwa ɗakin Allah da haƙƙin wani a wuya. Ta ce yanzu kun yi naku, ku tafi, ku sa mu a addu'a.

Muka tashi da asuba cikin sanyin Jos, kowace da rigar sanyi a kan zanen Zumunta. Muka bi ta Bukuru, Barikin Ladi, Mangu, Panyam. A wannan hanya motar ta yi tsit, don akwai matan da ke cikinmu da suke ganin hanyar ƙauyensu ta taga. Muka yi Rosari domin waɗanda suka mutu, ba mu ware na kowa ba. Da muka fara gangarowa daga tsauni sai zafi ya tarye mu, rigunan sanyi suka koma jaka, ga gonakin doya da shinkafa hagu da dama. 'Yan kasuwa dai ba sa barin hali, wata har tana tambayar direba nawa ake sayar da ƙwaryar doya a nan. Kusa da gari muka sauka muka ƙarasa da ƙafa muna waƙa, matasa 6 da suka raka mu suna riƙe da tsofaffinmu. Muka yi furta zunubi, muka yi Mas a babban coci, muka karɓi Jibi. Wani dattijo ya ba mu labarin zuwan Fada na farko, babu mota, babu kwalta, babu wanda ya san su. Muka zauna a inuwa muka buɗe ƙullin Hajiya muka ci. Ba Roma muka je ba, ba a ƙara mana wasu haruffa a bayan suna ba. Amma mun dawo da nauyi ya sauka daga ƙirjinmu, kuma mun san da a watan Afrilu muka je da wancan kuɗin, da yawon buɗe ido kawai muka yi.

Ba mu zo da labari kawai ba. Muna da roƙo guda 3 da muke so babban taro ya duba a zamansa na gaba.

Na farko, a buɗe asusun gaggawa, daban da jari, daban da zubi. Kowace mace ta sa ɗan abu kaɗan duk mako, ko naira 100 ce. A ba mata biyu riƙonsa, Musulma ɗaya Kirista ɗaya, masu waya a kunne dare da rana, kada a fitar da komai sai da sanin su biyun, a rubuta a daren, a karanta a taro. Naƙuda da haɗari ba sa jiran Litinin. In da akwai wannan asusu a wancan dare, da ba mu kai hannu inda muka kai ba.

Na biyu, kada a sake karɓar zubi babu rasit mai kwafi biyu, ɗaya a hannun mai biya, ɗaya ya tafi wurin Ma'aji tare da kuɗin. Mu da kanmu muke neman a ɗaure mu da wannan igiya. Matasan cocinmu sun ce a shirye suke su zauna da masu karɓar zubi su nuna masu yadda suke riƙe littafinsu, muna kuma roƙon 'yan'uwa su turo nasu yaran na Islamiyya da na sauran coci-coci a yi tare. Ajin yaƙi da jahilci kuma yana nan da yamma bayan an tashi kasuwa, akwai benci babu kowa a kai. 'Yar'uwa, in kina jin kunyar zama a aji da jikoki a gida, ki tuna kunyar dangwala yatsa a kan takardar da ba ki san abin da ke ciki ba.

Na uku, a buɗe shafin ajiyar ziyara a littafin ƙungiya, don kuɗin ya daina kwana a ƙarƙashin katifa. Mai niyyar Shendam ta ajiye, mai niyyar Urushalima ta ajiye, mai niyyar Umra ko Hajji ta ajiye, kowace da shafinta, ba a taɓa shi don wani abu. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga 'ya'yanmu da ke can baya, na coci da na masallaci: mun ga aikinku. Buhun nan na ran Asabar ku ci gaba da kawo shi, layin gwari ba zai bar shi ya koma wofi ba, mun kuma ji masu hatsi da masu manja suna cewa a biyo ta wurinsu. Ga mazajenmu, mun gode da haƙurin tuwon da yake makara ran taro.

Matar da aka yi wa aiki tana nan tare da mu yau, ba za mu nuna ta ba, ta san kanta. Wata 4 ke nan da ta shiga ƙungiya, tana sayar da attaruhu a ƙarshen layinmu, Hajiya Ma'aji ce ta tsaya mata aka ba ta jarin farko.

Mama Shugaba, mun ci lokaci, a gafarce mu. Allah ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka, ya ba Filato da Najeriya zaman lafiya, ya jiƙan waɗanda muka fara da su ba su kai yau ba, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Allah ya nuna mana ta baɗi.